Wa Ya Dafa Irin Dumawa?

Ranar Laraba da hantsi wata mata ta shigo caji ofis na Haɗeja, laka har idon sawunta. Ta wuce kai tsaye gaban kanta, inda Kofur Auta yake zaune yana goge bel ɗinsa.

"Iya, lafiya?" in ji Kofur.

"Ina fa lafiya. Kisa aka yi mana a Dumawa."

Kofur ya miƙe zumbur. "Innalillahi! Wa aka kashe? Ina gawar take?"

Matar ta kwance ƙulli a bakin mayafinta ta zazzage a kan kantar. Shanshera ce, shinkafa mai ɓawo, ba ta fi cikin tafi biyu ba.

"Ga ta nan."

Kofur ya dubi shinkafar, ya dubi matar, sai ya fashe da dariya. "Iya, nan ofishin 'yan doka ne, ba kasuwar hatsi ba."

Dariyar ce ta fito da Sufeto Abdulwahid daga ofishinsa. Dogo ne mai ƙarancin magana, shekararsa ashirin da ɗaya a aikin doka. Shi bai yi dariya ba. Ya sa aka ja wa matar benci.

Shekarar 1958 ce, kuma babu wanda ya manta da bara. Murar Asiya ta shigo ƙasar Haɗeja daidai lokacin shuka. A ƙauyukan fadama, wanda ya tashi bai iya ɗaga fartanya ba, wanda bai tashi ba aka kai shi makwancinsa. Ruwan kogi ya zo ya tarar da gonaki babu shuka. Da rani ya yi mutane suka cinye irin da suka ajiye, don ba a ce wa yaro mai jin yunwa ya jira damina.

Shi ya sa aka kafa Kwamitin Farfaɗo da Fadama, aka zaɓi Dumawa a fara gwaji. Bana a raba irin shinkafa kyauta, kowane gida da ƙaramin buhunsa. In shuka ta yi kyau, da rani a gina jinga mai ƙofa ta tsare ambaliya, a auna kowace gona a rubuta sunan mai ita, a kuma fitar da hanyar mota zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Sufeto ya san zancen, don shi ya ba da 'yan dokan da suka raka buhunan.

"Sunanki?" ya tambayi matar.

"Kulu. Mijina Shu'ibu mura ta ɗauke shi bara. Ya bar min yara huɗu da gona ɗaya."

"Me ya sami shinkafar?"

"Ranka ya daɗe, ni ba na yafa iri sai na gwada. Ina ƙulle kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma in ajiye gindin randa. Kwana uku yake tsagawa. Wannan yau kwanansa shida, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Sai na ɓare na ciza." Ta ɓare ƙwaya da farce ta miƙa masa. "Ɗanyar shinkafa fara ce kamar alli, tana karyewa a haƙori. Dubi wannan. Ja-ja take, da tauri. An turara ta. An ɗora ta a wuta, an shanya, an mayar buhu."

"Turarriya ba ta tsira?"

"Ko a aljanna aka shuka ta."

Kofur Auta ya daina murmushi.

"A garinmu," Kulu ta ci gaba, "gonar fadama in ta sha ruwan kogi damina biyu a jere babu amfani a cikinta, ta koma hannun gari. Bara ta sha na ɗaya ina takaba. Ruwan sama ya sauka sau biyu, kogi yana hanya. In kwana goma suka wuce ban yafa iri mai rai ba, yarana ba su da gona."

"Wa kike zargi?"

"Kowa ya san Bunu masunci ba ya son jingar nan. Amma ban ga kowa ba, ba zan ɗauki alhaki ba."

"Koma gida," in ji Sufeto. "Kada ki gaya wa kowa kin zo nan. Gobe muna tafe."

Washegari bayan sallar asuba Sufeto da Kofur suka hau kekunansu. Rana ba ta yi zafi ba suka isa Dumawa. Ƙauye ne na ɗakunan ciyawa da dangar zana, a kan wani tudu tsakanin goriba, fadama ta kewaye shi ta gefe uku.

Bulama Bakari, mai garin, ya fito daga zaurensa da sauri yana gyara rawani. Kakkaura ne mai fara'a, yana da furfura a gemu.

"Maraba da Yallaɓai! Ai da an aiko, da an yanka zakara. A kawo tabarma! Allah dai ya sa lafiya."

"Lafiya. Iri na zo gani. A ce kowane gida ya kawo buhunsa nan, yanzu."

Bulama ya shafa gemu, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Gida talatin da ɗaya aka ba iri. Biyar sun riga sun yafa nasu. Sauran suka jera buhunansu a ƙofar zaure, kowanne da sunan mai shi an rubuta da tawada. Sufeto ya sa Kulu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɓarewa tana cizawa. Mutane suka yi cirko-cirko.

"Wannan mai rai ne. Wannan ma. Wannan matacce."

Da ta kai ƙarshe, buhu shida ne a gefe, har da nata. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

Sufeto ya tsuguna ya duba bakin buhunan. Masu rai an ɗinke su da farin zaren buhu. Matattun kuwa da wani baƙin zare mai ƙarfi.

Bulama ya leƙo ta kafaɗarsa. "La'ilaha! Zaren koma ne wannan. Yallaɓai, ba na son kama suna, amma masunta a garin nan shugabansu ɗaya ne. A gaban Baturen kwamiti ya ce jingar nan sai dai a gina ta a kan kabarinsa."

Sufeto ya yanko zaren tare da ƙullinsa ya sa a aljihu.

Sun sami Bunu a bakin tafki, ƙarƙashin wata giyayya, yana gyaran koma. Ƙatuwar gorar da yake hawa cikin ruwa tana kife a gefensa. Bai tashi ba.

"Sannu da aiki, Sarkin Ruwa," in ji Sufeto.

"Yauwa. Kamu ne ko tambaya? In kamu ne bari in ƙarasa wannan idon."

"Me ke tsakaninka da jinga?"

"Ni? Babu komai. Su gina goma."

"An ce ka ambaci kabarinka."

Bunu ya jefar da komar. "To na ambata! Ta wace hanya kifi ke shigowa tafkin nan in ba ta mashigin da za su toshe ba? Sun zo da taswira, sun zana gona, sun zana hanya, ko tarwaɗa ɗaya ba su zana ba. Mu mura ba ta kama mu ba ne? Ƙannena biyu na binne."

Sufeto ya miƙa masa zaren. "Naka ne?"

Bunu ya murza shi a yatsa. "Ni na murza shi. Amma duk ranar kasuwa ina sayarwa, har matan gari suna ɗaure tsintsiya da shi." Ya kai ga ƙullin, sai ya kwashe da dariya. "Yallaɓai, wa ya yi wannan? Zarge ne, irin na ɗaure dabba a turke. Masuncin da ya yi wa koma zarge, ran nan gidansa da miyar kuka tsura za a kwana. In ɗana ya yi min wannan ƙullin sai na kore shi ya koma kiwon awaki."

A hanyar komawa Kofur ya ce, "Yallaɓai, mutumin nan bakinsa ya yi yawa. Mu tafi da shi kawai."

"Auta, in kai ne kake so a fasa jinga, buhu nawa za ka kashe?"

"Duka mana."

"To shi wannan shida ya kashe cikin talatin da ɗaya. Bature zai zo ya ga fadama kore shar, ya gina jingarsa. Wanda ya yi wannan yana son jingar. Wani abu dabam ne ba ya so."

Ɗakin ajiyar irin na kwano ne, kwamiti ya gina shi kusa da masallaci. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau, babu alamar ɓalli. Malam Sa'idu, malamin gona da aka turo daga Haɗeja, shi ke riƙe da mabuɗi, kuma a ɗan ɗakin da ke jingine da shi yake kwana. Siririn mutum ne.

"Kwana nawa irin ya yi a nan kafin a raba?"

"Kwana tara, Yallaɓai."

"Wa ya rubuta sunaye a buhunan?"

"Ni, tun ranar da suka iso."

"Mabuɗi fa?"

"Yana wuyana dare da rana. Ban taɓa cire shi ba."

"Ba ka bar garin ba cikin kwana taran?"

"Ko nan da can."

Sufeto ya ɗauki wata kwalbar magani da ke kan taga. An manna mata takarda. Ya karanta a hankali. "Sakinatu Sa'idu. Cokali ɗaya safe da yamma. Ɗakin shan magani na Malam Madori, ran sha huɗu ga wata." Ya ajiye ta. "Ran sha huɗu irin yana cikin ɗakin nan. Kwalbar ce ta zo da ƙafarta?"

Malam Sa'idu ya zauna a kan buhun wofi.

"Yallaɓai, 'yata ce. Shekararta biyar. Tun murar bara tari bai sake ta ba. Ranar ta yi tari har da jini, uwarta tana kuka, ni kuma ban nemi izini ba. Na goya ta a keke na tafi. Kwana uku muka yi. In kwamiti ya ji na bar aiki, korata za a yi. Ina da bakin ci bakwai."

Sufeto ya sake duban kwalbar. Shi ma yana da mai shekara biyar a gida, kuma ya san irin tarin.

"Yaya jikin nata yanzu?"

"Da sauƙi, Yallaɓai."

"Wa ka bar wa mabuɗi?"

Malam Sa'idu ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Bulama."

Da suka koma zaure Bulama bai musa ba. Har murmushi ya yi.

"Haka ne, ya ba ni. Na rufa masa asiri ne, yaron kirki ne. Ga ƙusar da na rataye shi nan, a bango. Yallaɓai, zauren mai gari ai kasuwa ne. Mai ƙara ya shigo, mai gaisuwa ya shigo, Bunun ma ya shigo ranar Juma'a. Wa zan ce ya ɗauka?"

"Haka ne," in ji Sufeto. "Ka yi gaskiya."

Bayan azahar ya zauna gindin tsamiyar da ke bakin rijiya, ya sa aka kira masa Kulu. Ta zo da faifai da ɗan abin da ta ɗebo daga buhunan shida.

"Karanta min sunayen, Auta."

Kofur ya karanta. "Kulu. Mairam. Barira. Asabe. Mairo ta gidan maƙera. Sai gidan marigayi Isa."

"Duk mata?"

"Duk zawarawan mura ne," in ji Kulu. "Gidan Isa kuwa uwa da uba duka suka tafi, kaka ce ke riƙon yaran."

"Kin ce gona tana komawa hannun gari. Gari ba shi da hannu, Kulu. Hannun wa ke nan?"

Kulu ta ajiye faifan. Ta ce, "Haka dai ake faɗa tun kakanni. Mai gari ne yake riƙewa, ya ba wanda ya ga dama. Ko ya noma."

"Gonakin nan shida a ina suke?"

"Jere suke a bakin mashigi. Daidai inda aka kafa turakun ƙofar jinga."

"Gida nawa ne mura ta ɗauke wa maigida a jerin nan?"

Ta ƙirga da yatsa. "Bakwai. Ta bakwai Fanna ce. Amma ita ta riga ta yafa nata tun ruwan farko. Kuma ai Fanna ta gida ce, 'yar Yakaka ce, ita kuwa Yakaka yayar Bulama ce."

Sufeto ya dubi Kofur. "Je gidan Fanna ka karɓo min buhunta na wofi. Ka biya ta gonarta ka duba."

Kulu kuwa hannunta bai zauna ba. Tana ta sheƙa shinkafar a faifai, kamar yadda mace ke yi in ranta ya ɓaci. Sai ta tsaya. Ta tattara wasu 'yan ɓarɓashi a gefen faifan, baƙi-baƙi masu ja.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ƙasar tsakar gida ba ce. Mu a tabarma muke shanya, ko a daɓe. Wannan makuba ce."

Sufeto ya murza a yatsa. Makuba ce kuwa, irin wadda ake shafe rufin soro da ita don kada ruwa ya zuba. Ya ɗaga kai ya dubi garin. Ciyawa, ciyawa, ciyawa. Rufin soro biyu ne kawai a Dumawa. Ɗaya na masallaci. Ɗayan na gidan Bulama ne, kurciyoyi uku suna zaune a kansa.

"Wace ce gwanar turara shinkafa a garin nan?"

"Yakaka," in ji Kulu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kuma aikin gwana ne wannan. An sauke shi kafin ɓawo ya buɗe baki. Ni kaina ba zan iya ba."

Kofur ya dawo yana haki, buhu a hannunsa. Baƙin zare yana lilo a bakinsa.

"Yallaɓai, gonar maƙwabcinta ta yi kore kamar an shimfiɗa darduma. Tata kuwa kamar filin idi. Tana zaune a bakin kunya, wai jira take."

Sufeto ya ninke buhun ya zauna a kansa. "Kulu, ki kira min Yakaka. Auta, je ka taya Bulama hira. Kada ya tashi."

Yakaka tsohuwa ce mai tsagen Barebari a kumatu, tana tafe tana dogara kara. Ta zauna nesa kaɗan ta juya masa gefe.

"Iya, sannu da fitowa. An ce babu mai turara shinkafa kamarki."

"Da can ne. Rabona da tukunya tun kakar bara waccan. Wa ke turara da bazara? Shinkafar ina?"

"Wannan ƙunar ta hannunki fa?"

Ta ja mayafi ta rufe. "Tuwo ne."

"Tuwo ba ya ƙona mutum har gwiwar hannu, Iya. Tururin babbar tukunya ne."

"Yaro, na haifi kamarka. Ban san komai ba, ban ga komai ba."

"To. Ba zan matsa miki ba. Lissafi ne kawai ya ƙi fitar min. Mun sami buhu shida a ƙofar zaure. Shida ne ko?"

Leɓenta ya motsa kamar mai ƙirga.

Sufeto ya zaro buhun daga ƙarƙashinsa ya shimfiɗa a gabanta, baƙin zaren a sama. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ga na bakwai. Ba kya karatun boko, bari in karanta miki sunan da ke jiki. Fanna."

Tsohuwar ta juyo gaba ɗaya. Ta ɗauki buhun ta shinshina cikinsa.

"Kwanan shukarta takwas a ƙasa," in ji Sufeto. "Tana bakin gona yanzu, tana jiran ta fito."

"Kwando bakwai ne," Yakaka ta ce, kamar da kanta take magana. "Kwando bakwai ya kawo min, babu buhu. Ya ce sadakar shekara zai yi wa mamata, kada kowa ya ji sai ranar. Ya ce in sauke kafin ta buɗe baki. Na ce Bakari, wace irin shinkafa ce wannan? Ya ce haka yake so. Shi ya riƙa hawa da ita soro da kansa. Yau da safe da na ji an ce shida, na tare shi a bayan rumbu. Ya rantse min na bakwai nasa ne." Ta dafe ƙirji. "Da hannuna! Da hannuna na dafa abincin jikokina!"

Ana kiran la'asar Sufeto ya tsaya a ƙofar zaure. Garin duka ya taru, har Bunu da masuntansa.

"Bulama, a ba mu tsani."

"Tsani kuma? Yallaɓai, soron nan ya tsufa, kada ya rufta da ma'aikacin hukuma."

"Auta ba shi da nauyi."

Kofur ya hau. Ba a jima ba ya sauko da hularsa a hannu, ya juye ta a tabarma. Shanshera ce ya tono daga tsagar rufi da bakin indararo, gauraye da makuba. Kulu ta ɗauki ƙwaya ta ciza, ta tofar.

"Ita ce."

"Shinkafar gidana ce!" in ji Bulama. "Mutum ba zai shanya abinsa a rufinsa ba?"

"Wace shinkafa? Da bakinka ka gaya wa kwamiti rumbunka wayam yake, har aka ba gidanka buhu uku."

Bulama ya dubi jama'a yana neman wanda zai kama masa. Sai ya ga an dare, Yakaka ta ratso da buhun wofi a hannu. Ta jefa masa a ƙafa.

"Bakari, ni na goye ka. Faɗa musu kwando nawa."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya zauna a dakali, rawaninsa ya karkace, bai gyara ba.

"Bakwai," ya ce.

"Don me?" in ji Sufeto.

"Don awon da za a yi. Yallaɓai, abin da malamin awo ya rubuta ba ya gogewa. Gona bakwai a bakin ƙofar ruwa, mafi kyau a fadamar nan, za a rubuta su da sunan mata da 'yan yaye har abada. Wa zai nome su? Ni na binne mutum arba'in a garin nan bara, da 'ya'yana biyu a ciki. Wa ya zana ni a taswira? Na ce in suka koma hannuna kafin rani, in noma da kyau, in riƙa ba su abinci."

"Abinci!" in ji Kulu. "Daga gonar ubansu za ka yi musu sadaka?"

"Zaren fa?" Sufeto ya tambaya.

Bulama ya sunkuyar da kai. "In an gane, a ce Bunu ne."

"Allah ya isa!" in ji Bunu. "Ko ƙullin ma da ka zo na koya maka."

"Fanna kuma?" Muryar Yakaka ce. "Ita me ta yi maka?"

"Yaya, da na tsallake ta, da kowa ya gane."

Tsohuwar ta kawar da kai daga gare shi. Ta juya ta bi hanyar gona, inda 'yarta take.

Sufeto ya ɗaga murya. "Bakari, na kama ka da laifin lalata irin jama'a da niyyar ƙwace gonar marayu. Sauran bayani gaban alƙali. Auta!"

Ankwa ta yi ƙara. Wata mata a cikin gida ta fasa kuka.

"Malam Sa'idu, akwai sauran iri a ajiya?"

"Babu, Yallaɓai. In an rubuta wa kwamiti, sai ya yi wata guda."

"Kogi zai riga takarda. A fito da buhu ukun gidan nan, iyalinsa a bar musu abin da zai ishi gona ɗaya. Saura kuma, ku mutanen Dumawa kun fi ni sanin yadda za ku yi."

Wani dattijo ya yi gunaguni cewa nasa ma da ƙyar zai ishe shi. Sai limamin gari ya kwance bakin buhunsa ya zuba mudu biyu a tabarma. Maƙeri ya biyo. Mai gunagunin ma daga baya ya zuba ɗaya, ya shafe bakin mudun da hannu don kada ya yi tozo. Abin da aka tara bai cika bakwai ɗin ba, amma Kulu ta duba ta ce in an yafa da hankali zai rufe ƙasa.

Malam Sa'idu ya matso kusa da Sufeto. "Yallaɓai, zancen tafiyata fa?"

"Zan rubuta ka je. Zan kuma rubuta abin da ya kai ka. Ban san abin da za su yi ba."

Gabas ta fara haɗa hadari. Kofur ya tura keke da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da Bulama, suka kama hanyar Haɗeja. Babu wanda ya raka su ko da bakin gari.

Kulu ba ta tsaya kallo ba. Ta riga ta ɗora ƙwaryar iri a ka, ta ɗaure zane tamau. Sufeto ya kira ta.

"Kulu! Ranar Litinin za ki zo Haɗeja ki ba da shaida."

"In na gama yafi, ranka ya daɗe. Akwai tawa, akwai ta Fanna, akwai ta marayun Isa."

"Alƙali ba ya jira."

"Kogi ma haka," ta ce, ta gangara fadama.